Ƙarar da Na Kai Ƙanwata Wurin Baba

Ko zan manta da komai na gidanmu na unguwar Hindawiyya, ba zan manta da la'asar ɗin da na kai ƙarar ƙanwata wurin Baba ba.

A Makka aka haife mu. Ni ne babba, ni ne namiji, amma karatuna ya tsaya, sai jagorancin alhazai a Mina idan lokacinsa ya zo. Ita kuwa tana digiri na biyu a nazarin addinai, tana rubutu kan yadda malaman Kirista na farko suka ɗauki mace. Duk baƙon da ya zo, ni ke tsaye ina zuba masa gahawa, Baba na zaune yana ba shi labarinta. Wallahi kishi ya ci ni.

Da jami'a ta ba ta damar zuwa wata ƙasa duba tsofaffin littattafai, ta ce ba ta tafiya sai Baba ya yarda. Nan na samu ƙofa.

"Baba, littattafan Nasara fa take karantawa," na ce. "Mace ce, hankalinta ba zai ɗauka ba. Za su juya ta."

Baba ya ajiye finjalinsa na gahawa ya kira ta da Larabci. "Ta'ali ya binti, zo nan 'yata, kin ji yayanki."

Ta zauna, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce malaman nan sun sha gardama a tsakaninsu. Wasu sun ce hankalin mace bai kai na namiji ba, kada a bar ta ta koyar. Wasu suka ce a gaban Allah, rai ba shi da namiji ko mace. Sai ta dube ni.

"Yaya, maganar da ka faɗa yanzu ita nake nazari shekara biyu. Tana babi na uku na rubutuna. Ban taɓa zaton zan ji ta a falonmu ba."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Halas, magana ta ƙare, ki tafi. Kai kuma shirya, kai za ka raka ta."

Wata guda na yi zaune a ƙofar ɗakin karatu, ina riƙe da jakarta. A can na yarda cewa ban taɓa jin tsoron imaninta zai gurɓace ba, wuce ni da ta yi ne ya tsaya mini a rai. Yanzu duk lokacin da bakina zai ce "ai mace ce", nakan dakata in tambayi kaina ko addini ke magana ko hassadata.