Yatsan Mai Birki

Shekara talatin da huɗu Mai Birki ya yi yana sana'a ɗaya a rumfa ɗaya, bayan layin masu faci. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa giyar mota. In ka kawo masa mota tana tari, da haɓa zai nuna maka rumfar gaba, ko tashi ba zai yi ba. Shi dai abin da ke tsayar da mota ya sani. Sunansa na ainihi ma ya ɓace a unguwar, har matarsa in ya ƙular da ita Mai Birki take ce masa.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: jak mai yoyon mai, akwatin sifana, da benci da ya sha walda har ya gaji. Manyan kayan aikin a jikinsa suke, kunne da yatsa. Mota na shan kwana a bakin layi, yana jin kukan birkinta zai ce takalmin gaba na hagu ya cinye. Takalmin birki, ga wanda bai sani ba, wasu 'yan fale-fale ne kamar tafin hannu, su ke matse faifan da ke bayan taya in direba ya taka. Suna matsewa suna cinyewa, abin da ya cinye kuma ya zama baƙar ƙura ya kwanta a jikin rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai. Wannan ƙurar Mai Birki yake lakata da yatsa, ya murza, ya gaya maka halinka. In kaɗan ce, kai mai haƙuri ne. In ta yi kauri tana warin ƙuna, kai ne irin wanda ba ya tuna birki sai ya ga lahira ƙiri-ƙiri. Mutane suna dariya, amma ba a taɓa jin wanda ya ƙaryata shi ba.

'Ya'yansa huɗu, uku sun yi nisa. Auta ce kaɗai ta yi aure kusa, kuma ita ce 'yar gaban goshinsa. Shi da kansa ya koya mata mota a filin bayan rumfar, tun kafin ta gama makaranta. Mijinta wani dogon mutum ne mai sanyin magana, kowa Dogo yake ce masa. Da farko babu abin da ya haɗa su da surukinsa sai mutunci. Matsalar ta fara ne ranar da Dogo ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, in an tayar da ita har tagogin gida sai sun amsa.

Duk mako sukan zo gaisuwa, Dogo na tuƙi a hankali kamar yana ɗauke da ƙwai. Suna shiga ciki, sai Mai Birki ya sulale waje kamar mai neman wani abu, ya tsuguna, ya lakaci rim. Kullum yatsan baƙi ƙirin yake dawowa, da warin ƙuna. Wato mutumin nan a ƙofar gida ne salihi, a kan titi kuwa gudun fitar rai yake yi da 'yarsa a gefe. Tsoro ya shiga zuciyar Mai Birki ya zauna. Kunya ta hana shi magana, sai ya koma harara. Shekara biyu Dogo na durƙusawa yana gaisuwa, yana samun "lafiya" guda ɗaya a bushe.

"Wai me bawan Allahn nan ya yi maka ne?" matarsa ta taɓa tambayarsa.

"Ki tambayi tayarsa," in ji shi.

Wata Litinin da hantsi sai ga jar motar a ƙofar rumfa, karo na farko. Dogo ya fito ya rusuna.

"Baba, barka da aiki. Takalman birkin ne suka cinye. Amma ina neman alfarma, na siramik nake so a sa."

"Na me?"

"Na siramik, Baba. An ce ba ya ƙara, ba ya ƙura."

Mai Birki ya cire taya ɗaya ya duba. Faifan ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafin da ya sha, takalman sun yi sulɓi kamar an goge su da dutse. Ya mayar da tayar, ya ce a dawo da motar Laraba. Gaskiyar magana ita ce bai taɓa riƙe takalmin siramik a hannunsa ba. Motocin haya da na 'yan kasuwa yake gyarawa, su kuwa na ƙarfe suka sani.

Ya wuce wurin mai shagon kayan gyara, wanda suka shekara ashirin suna musu. Mai shago ya sauko da kwali biyu ya buɗe.

"Wanne ya fi?" Mai Birki ya tambaya.

"Na siramik mana. Shiru kake ji, rim fes, kuma ba ya cin faifai."

"To ba ni shi."

"Amma in motar gudu ce, na ƙarfe ya fi. Shi in ya yi zafi ma yake kamawa."

"Yanzu ka ce na siramik ya fi."

"Ya fi mana, a cikin gari. Ai masu irin waɗannan motocin shi suke nema."

"Masu motar gudu suna neman wanda bai fi ba a wurin gudu?"

"Ai ba duk mai motar gudu ne yake gudu ba. Wani kwalliya kawai yake yi da ita."

"In ya yi gudun fa?"

"Zai tsaya. Sai dai in dogon gangare ne, yana ta takawa yana ta takawa har ya ɗau zafi sosai, to nan zai iya yin sanyin kamu."

"Zai tsaya ko ba zai tsaya ba?"

Mai shago ya sosa ƙeya. "Ya danganta da direban."

Kan Mai Birki ya ɗaure tamau. Ya zo da tambaya ɗaya, zai koma da biyar. Ƙarshe ya kwashi kwalayen biyu ya tafi da su gida, ya baje su a kan tabarma bayan la'asar, ya zabga tagumi. Ya ƙwanƙwasa wannan da sifana, ya ƙwanƙwasa wancan, ya kai kunne. Ya shinshina. Har lasa ya yi niyyar yi, ya ga matarsa na kallonsa.

"Wannan mai hasken, wai dangin farantin tangaran ne?" ta ce. "To a kiyaye kar ya faɗi."

Bai yi dariya ba. Ƙa'idarsa tun yana saurayi ita ce mai mota ya faɗi abin da yake so, a sa masa. Ga kuma faifai mai shuɗi yana cewa na ƙarfe ya dace. Akwai dogon gangare tsakanin gidan su Auta da cikin gari, ya san shi sarai. Amma abin da ya fi cin ransa daban ne. In ya sa na siramik, babu kuka, babu baƙar ƙura. Kunnensa ya toshe ke nan, yatsansa ya makance. Ta ina zai riƙa sanin yadda ake tafiya da 'yarsa? Sai kuma wata zuciyar ta ce masa, to kai don tsaron lafiyarta kake ƙin siramik ɗin, ko don kar a rufe maka wurin leƙe? Ya juya tambayar ya juya, ya rasa amsa. Ranar Talata da safe ya yanke na ƙarfe, da azahar ya koma siramik, da yamma ya ɗauki kwalayen zai mayar wa mai shago duka, ya kai bakin titi ya dawo.

Laraba ya iso rumfa ya tarar da motar a ajiye, makulli a hannun mai facin da ke maƙwabtaka da shi. Ya buɗe ƙofa zai shiga ya gwada birkin kafin ya kwance, sai gwiwoyinsa suka daki sitiyari. Kujerar an matso da ita gaba ƙwarai. Shi da ba dogo ba ma ta matse shi, balle Dogo. Ya ɗaga kai, madubin ƙirjinsa yake nunawa. Ya sunkuya zai ja kujerar baya, hannunsa ya taɓa wani abu a ƙarƙashi. Takalman mata ne marasa tsini, irin waɗanda ake ajiyewa a mota don tuƙi. Na hagun kamar sabo. Na daman tafinsa ya cinye har ya yi ƙyalli.

Ya daɗe zaune da takalmin a hannu. Shekara talatin da huɗu yana karanta abin da ya cinye, bai buƙaci a fassara masa wannan ba.

Da Dogo ya zo da rana, Mai Birki ya nuna masa benci, abin da bai taɓa yi ba.

"Wa ke tuƙa motar nan?"

Dogo ya dubi ƙasa. "Ni ne, Baba."

Mai Birki ya ajiye takalmin a tsakaninsu.

"Ranar da muke zuwa gaisuwa ni ne," in ji Dogo a hankali. "Sauran kwana shida ita ke zuwa aiki da ita. Ni motar haya nake bi, Baba. Gaskiya tsoron motar nake ji. Don ita na saya."

"Siramik ɗin fa?"

"Ina ganinka ta taga duk mako, kana lakata. Na yi mata magana na gaji, ba ta ji. Ƙararta kuma ba zan iya kawowa ba. Sai na ce in babu ƙurar, ko ka samu kwanciyar hankali, ni ma ka riƙa amsa gaisuwata."

Kunya ta lulluɓe Mai Birki har ya rasa inda zai sa idonsa. Yatsan bai yi ƙarya ba, mai yatsan ne ya ɗora karatun a kan wanda ba shi ba. "Shekara biyu ina hararar ka," ya ce. "Ka yafe mini, ɗana." Dogo ya ce babu komai.

A wannan karon bai yi shawara da kowa ba. Ya ɗauki na ƙarfe ya ɗaura, gaba da baya, ya bi kowane noti sau biyu. Na siramik ya mayar cikin kwalinsa.

Da yamma Auta ta zo ɗaukar mota, tana fara'a, tana tsokanar sa wai furfurarsa ta ƙaru. Ya wanke hannu, ya zagaya ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar da ke kusa da ta direba.

"Sabon takalmi sai an gwada shi," ya ce. "Kai ni gangaren nan naku. Ki tuƙa yadda kika saba."

Ta dube shi, ta dubi takalmanta da ke ajiye a kan kujerarta, fara'ar ta ragu. Ta sa su ta tayar da mota.

A cikin gari ta yi ladabi. Suna fita inda hanya ta buɗe, ƙafar ta koma halinta ba tare da ta sani ba. Injin ya yi gurnani, bishiyoyi suka fara wucewa a haɗe. Mai Birki, da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin motoci a tsaye, ya riƙe ƙofa da hannu biyu.

"Kar ka damu, Baba," Auta ta ce tana dariya. "Ai kai ka ce mini in birki na hannun gwani, in yarda da shi."

Ya tuna ranar, a filin bayan rumfa. Shi ya faɗa.

Suka hau kan gangaren, kwana tana jiran su a can ƙasa. Auta ta ji wani bugu a gefenta, dum, dum, ta saci kallo. Ƙafar mahaifinta ce ta dama, a miƙe, tana taka dandamalin mota iya ƙarfinta a inda babu birki. Idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi, sunanta yake kira.

Ta ɗage ƙafarta daga totur, ta ɗora a kan birki. Sabbin takalman suka yi ɗan kuka, motar ta sauka gangaren a hankali har wata tsohuwar motar kaya ta wuce su tana hon. Sai da suka kai ƙasa ta ce, "Baba, ka saki ƙafar haka nan. Na taka."