Kwalabe Goma na Anti Yis

Shekara goma sha huɗu Anti Yis ta yi tana aiki iri ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Kullum da safe za ta girgiza kwalabe goma masu ruwan sukari da yis, irin wanda ake sa wa burodi. Sai ta jira minti biyar, ta zuƙo abin da ya riga kwantawa a ƙasa da ɗan bututu, ta zuba a sabon ruwa, ta zubar da saura.

Farfesan da ya ɗauke ta aiki so yake ya ga yadda halittu masu ƙwaya ɗaya tal suka fara manne wa juna har aka samu jiki. Ƙwayoyin yis da suka haɗu sun fi nauyi, su ke fara nutsewa, su ke tsira. Ita dai ta ce to. Ba Asabar ba Lahadi. Ranar da aka sallami mijinta daga asibiti, a benci ya zauna jiranta sai da ta gama da kwalabenta.

A shekara ta tara, yis ɗin da sai da madubin ƙara girma ake gani ya dunƙule kamar tsakuwar yashi, ido na ganinsa. Har hawaye ta yi don murna. Farfesa kuwa ya yi suna, ya samu aiki a ƙasar waje, ya ce zai aiko a ɗauki kwalaben. Har yau aikowa yake.

Sai aka naɗa sabon shugaban sashe, wanda ita ta koya masa riƙe bututu yana ɗalibi. Ya ce ɗakin za a mayar wurin taro, a kashe yis ɗin.

"Ranka ya daɗe, ko lungu ne a ba ni," in ji ta. "Idan suka mutu, sai an sake wasu shekaru goma sha huɗu."

"Haba Anti, yis ne fa! Cike yake a kasuwa."

"To in kai su gida."

"Doka ta hana, kin fi ni sani."

Abin haushi, duk sashen ba wanda ya iya kunna tukunyar da ake dafa kayan gwaji sai ita. Da hannunta ta jera kwalaben a ciki, ta rufe murfi, ta tsaya tana jin hucin tururi har minti ashirin suka cika.

Shugaban ya leƙo da takarda a hannu.

"Anti, sa hannu nan, wajen wanda ya lalata."

Ta rubuta sunanta cikakke. Duk rubuce-rubucen da aka yi a kan kwalaben nan, wannan ce takarda ta farko da sunanta ya hau.