Jalilu Mai Faifai da Mintuna Taran Awabu

A teburin shayin Ɗanbala na fara jin maganar, na tsaya sayen burodi a hanyata ta dawowa daga Kasuwar Malam Atta. Wai Jalilu mai faifai ya haɗa fim na ƙarya. Wai ya ɗauki fim ɗin babban wasan da mawaƙiya Mubarika ta yi bara, ya zauna da kwamfuta, ya cusa tsohuwa Awabu a ciki don tausayi, ya buga a faifai yana nuna wa mutane.

"Madam, zamanin nan ai komai haɗa shi ake yi," in ji Ɗanbala, yana juya ƙwai a kasko. "Sau uku na kalli fim ɗin nan a wayata. Babu Awabu koraa, ko alamarta. To daga ina ta faɗo cikin nasa?"

Na ce, "Ka kalli na Jalilun?"

"In kalli me? Na waya ai shi ne orijina."

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a firamare, kuma abin da na fito da shi ke nan: amsar da dukan aji suka yarda da ita, ita ce ta fi bukatar a sake dubawa. Na karɓi burodina, na ce a raina sai na ga ƙarshen wannan magana. Amma bari in fara gaya muku wane ne mutumin da ake zargi, don saboda shi na ɗauki biro.

Duk wanda ya taɓa bi ta gefen babbar gota, magudanar ruwan nan da ke tsakanin Nima da Maamobi a Accra, ya san shuɗiyar kwantenar nan mai ƙaramin benci a gaba. Jalilu yakan dawo daga sallar asuba, ya sha kokonsa da ƙosai, ƙarfe bakwai ya buɗe. Yakan fara da goge faifai da wani tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ba ya taɓa zagayawa, wai zagayawa ke jawo karce. In ya gama sai ya saka ɗaya a dek, wato na'urar kunna faifai, ya kunna ƙaramin talabijin ɗinsa, ya zauna ya kalla. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan, tun zamanin kaset, yana riƙe da doka guda da ya kafa wa kansa: ba ya miƙa wa kowa faifan da bai kalla da idonsa daga farko har ƙarshe ba.

An yi masa dariya a kan wannan ba kaɗan ba. Masu sayar da faifai a kasuwar Tudu sukan kwashe goma a lokacin da shi yake kan ɗaya. Mai saye ya zo da gaggawa, Jalilu ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, saura rabin awa ban gama ba. Ka je ka dawo." Wasu sukan tafi ba su dawo ba. Bai canja ba.

Matar wani limaminmu ta ba ni labari da bakinta, tana dariya har da hawaye. Maigidanta ya sa a nemo masa faifan wa'azi don a kunna wa baƙi ranar suna. Jalilu ya samo, ya zauna kallo kamar kullum. Wa'azi ya yi minti ashirin lafiya lau, sai ga 'yan mata suna rawa a bakin teku da kayan da ba zan siffanta ba. Wanda ya buga faifan ne ya haɗa biyu ba da saninsa ba. Da a ce wani shago aka je, a tsakar gidan liman za a gano, gaban surukai.

Shekarar da gota ta cika ta shiga ɗakuna, mata suka riƙa kawo masa faifan bikinsu cike da laka. Na gani da idona: igiya ya ɗaura daga kwantena zuwa sandar lantarki, ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, ya shanya kamar kayan jarirai. Wanda ya tashi, ya kalla har ƙarshe kafin ya mayar. Wanda bai tashi ba, ya gaya wa mai shi gaskiya, ya kuma faɗa mata daidai inda ya tsaya, don ta san abin da ya rage mata.

To, ga yadda Awabu ta shigo.

Awabu makaɗiyar ƙwarya ce. Kusan babu amaryar da aka sa wa lalle a unguwar nan cikin shekara arba'in ba a gaban ƙwaryarta ba, har da uwar Mubarika. Mubarika kuwa 'yar Nima ce da Allah ya ɗaukaka, waƙarta ta zagaye ƙasashe. Bara ta yi babban wasa a wani katafaren zaure a nan Accra, aka ɗauke shi fim. Tikitin ba na irinmu ba ne, kuma a ƙofa aka karɓe wayoyin 'yan kallo saboda ɗaukar fim ɗin. Ranar, mota ta zo har bakin lungu ta ɗauki Awabu. Da ta dawo ta gaya wa kowa cewa ta hau dandali, ta kaɗa ƙwarya, Mubarika ta durƙusa kusa da ita suna waƙa tare.

Unguwa ta jira fim. Da ya fito, a waya ya fito, ta intanet. Aka sayi data, aka taru ɗaki-ɗaki, aka kalla har sunayen ƙarshe. Babu ƙwarya, babu Awabu, ko gefen mayafinta babu.

Kun san bakin mutanenmu. Aka ce ai waakye, wato shinkafa da wake, aka ɗauke ta ta dafa wa ma'aikata. Wata ta ce tsufa ne, mafarki ta yi a bayan mota. In ta wuce sai a ce, "Mma Awabu, yaushe za ki tafi Amurka?" Matar da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba ta wayi gari maƙaryaciya a shekara saba'in da wani abu. Ta kife ƙwaryarta a ƙarƙashin gado. Aka yi lalle huɗu a lungunsu, ba ta leƙa ko ɗaya ba.

Shi Jalilu duk wannan lokacin abu ɗaya yake yi. Yakan hau trotro, motar haya, ya tafi Adabraka, ofishin da ke raba kayan Mubarika, ya tambaya ko za a fitar da fim ɗin a faifai. Ba don Awabu ba, kada in ƙara masa abin da bai yi ba. Don tsofaffin kwastomominsa ne, masu ƙananan wayoyi da idon da ba ya ganin ƙaramin allo. Aka ce masa, "Baba, wa ke sayen faifai yanzu?" Ya koma. Sau huɗu. Bayan wata biyar aka buga 'yan kaɗan, aka ba shi goma.

Sauran labarin daga bakin Awabu na ji shi.

"Madam, ina zaune ina tsince shinkafa, rana tsaka, sai ga Jalilu da tibi a ka, dek a hammata, yana haki. Na ce, kai lafiya, gobara aka yi? Ya ce, Mma, ina soket ɗinki? Bai ko gaishe ni ba, mutumin da ke gaida akuya."

"Sai me?"

"Ya jona, ya kunna, sai ga ni a ciki. Ni ce dai, da zanen nan nawa mai ruwan ƙasa. Na ce, ashe ban haukace ba. Wallahi Madam, har na fara yarda da su."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana ni zama. Amma tausayi ba hujja ba ne, kuma Ɗanbala bai yi ƙarya ba da ya ce ana haɗa hotuna a zamanin nan. Don haka na tafi kwantena da wayata da agogon da nake tsaron jarrabawa da shi. Na ce wa Jalilu, "Ba naka da ka buɗe nake so ba. Ba ni sabo."

Ya ce, "Madam, saura biyu ban kalla ba. Ki zaɓa, amma tare za mu kalla, don ba zai fita shagon nan ba sai na ga ƙarshensa."

Ashe duk goman yake bi ɗaya-ɗaya, fim guda, awa biyu da wani abu kowanne. Na zaɓi na ƙasa, na yage ledar da farcena. Muka kunna faifai da waya a tare. Minti arba'in da shida suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Daga nan a waya fitilu suka mutu suka dawo, Mubarika ta fito da sabuwar riga. A faifai kuwa fitilu suka mutu, suka dawo a kan wata tsohuwa zaune a tabarma, ƙwarya kife a kan ruwa a gabanta.

Washegari na hau trotro zuwa Adabraka ni kaɗai, da kwalin faifan a jaka. Wata mata a ofishin, Wadia, ta duba lambar jikinsa ta ce nasu ne. Na tambaye ta dalilin bambancin. Ta yi ajiyar zuciya ta ce kamfanin da ke nuna fim ɗin ta intanet ba ya karɓar waƙar da mai ita bai sa hannu a takarda ba. An kai wa tsohuwar takarda har sau biyu, ta ƙi. Sai aka yanke wurin. Faifai kuwa mutanen Mubarika ne suka buga da kansu, Mubarikar ce ta ce a bar shi yadda aka yi shi.

Na koma wurin Awabu na ce, "Ke kuma me ya hana ki dangwala yatsa?"

"Takardar cewa ta yi waƙar tawa ce. Ba tawa ba ce, Madam. Kakata ta zo da ita daga Salaga, ita ma a bakin wasu ta ji. In dangwala in ce tawa ce, ranar tsayuwa in ce da su me?"

"Ba su gaya miki za a cire ki ba?"

"Sun yi ta Turanci dai. Ni na ɗauka kyauta za su ba ni, na ce na yafe."

Kada wani ya ce tsohuwar malama tana yaƙi da waya. Jikokina da ke Kanada sun kalli wasan nan rana ɗaya da mu, abin da faifai ba zai taɓa yi ba. Faifai yana karcewa, dek yana lalacewa, masu gyaransa suna ƙarewa. Na san duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa duk abin da ke cikin waya shi ne cikakke. Na cikin waya a hannun masu shi yake, suna iya ragewa yau, su ɗauke gobe, ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofarki ya sanar da ke. Na cikin kwali yana nan yadda aka rufe shi. Amma shi ma kwalin ba ya magana, sai an samu mai haƙurin zama ya kalla.

Kai ne mai haƙurin nan, Jalilu. Kai ne ka zauna a kwantena mai zafi kana kallon abin da ka riga ka kalla sau bakwai, don kada faifai na takwas ya tsaya wa wata tsohuwa a tsakiya. Ba ka da digiri, ba ka taɓa hawa dandali ba, sunanka ba ya cikin sunayen da ke wucewa a ƙarshen kowane fim. Jalilu na bakin gota, mai gani kafin ya miƙa. Da ka bi irin gaggawar da ake yi yanzu, da faifan nan goma sun watsu a gidaje, wataƙila wani ya gani, wataƙila ya ce ba ruwansa. Kai ka rufe shago da rana tsaka ka ɗora talabijin a ka.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka kai dek teburin Ɗanbala, aka ja wayar wuta daga shagon aski. Mutane suka cika har kan titi. Da wurin ya zo, Ɗanbala ya ajiye cokali, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

"Ei! Chale, ita ce paa. Ga ma haƙorinta na Makka."

Wani daga baya ya ce, "To mai waakye fa?"

Awabu, da ke zaune kan bencin da aka ba ta, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Waakyen ma na iya, in uwarka na son koyo."

Asabar ɗin da ta biyo baya aka sa lalle a gidan su Iddrisu tela. Tun daga bakin titi ake jin ƙwarya.

Ƙarshen watan nan Jalilu zai rufe kwantena. Idon ya gaji, likita ya ce ya rage kallon allo, kuma 'ya'yansa sun matsa ya huta. Na tambaye shi ko yana baƙin ciki. Ya ce, "A'a, Madam. Na kalli rabona." Ya ce dek ɗin Awabu zai bar wa, da faifai ɗaya.

Mun gode, Jalilu. Allah ya saka maka, ya ƙara wa idonka haske, ya sa hutun ya yi maka daɗi. Ku kuma masu tasowa, ko ɗinki kuke yi, ko gyaran waya, ko allura a asibiti, ku ɗauki wannan ɗabi'a tasa: kada abu ya bar hannunku sai kun duba shi har ƙarshe. In kun bi ta bakin gota kafin wata ya ƙare, ku tsaya ku gaishe shi.

Ga abin da na samu. Fim ɗin da ke waya awa biyu ne da minti biyu. Na faifai awa biyu ne da minti goma sha ɗaya. A cikin mintuna taran nan Awabu tana tsakiyar dandali tana kaɗa ƙwarya, Mubarika tana durƙushe a gefenta. Jalilu bai ƙara komai ba. Awabu ba ta yi ƙarya ba.