Bargon da Na Ɗinka da Ƙyallayen Tela

Shekarar da na bar aiki a kamfanin biskit na Ilupeju ce hawan jini ya same ni. Duk tsawon lokacin da nake kokawa da motocin haya na danfo safe da yamma lafiyata ƙalau, ina zaman gida kai ya fara sara. Likita ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta dubi allon, ta dube ni.

"Mama, me kike yi da rana?"

"Tunani," na ce.

"To, ki rage shi. Ki nemi wani aikin hannu mai kwantar da hankali."

'Yata ce ta nuna mini abin a wayarta. Wata tsohuwar baturiya ce zaune tana harhaɗa ƙananan ƙyallaye, tana murmushi kamar an yi mata albishir da Aljanna. Kafin bidiyon ya ƙare sai ga bargo shimfiɗe a gado, launi bayan launi, kowace kusurwa ta haɗu da 'yar'uwarta. Na ce wannan ai ko da ido ɗaya zan yi shi. Ni da aka haifa a Agege, na tashi a gindin keken ɗinkin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta? Keken ma yana nan a ɗakina, na mayar da shi teburin ajiye kwanuka.

Washegari na je wurin telan bakin layinmu, wani mutumin arewa da ya daɗe a unguwar har Yarabanci ya zauna a bakinsa. Na ce ƙyallaye nake so. Bai tambaye ni dalili ba, ya cika mini buhu guda, har da rakiya zuwa bakin ƙofa. Ganin yadda yake murna, ya kamata in yi tunani. Ban yi ba.

Na zazzage buhun a tsakar ɗaki. Ga atamfa, ga leshi, ga shadda, ga wani yadi mai miƙewa kamar roba. Na yanko kwali mai kusurwa huɗu daga kwalin sabulu, na riƙa ɗora shi a kan ƙyalle ina zagayawa da alli ina yankewa. Abin da ban lura ba shi ne, kullum almakashi yana ɗan cin gefen kwalin. Ƙyallayen ranar Litinin manya, na ranar Juma'a sun zama ƙannensu. Sai da na haɗa layin farko da na biyu na ga na biyun ya gaza da kusan taƙi guda.

Na farke. Na sake ɗinkawa. Wannan karon na biyun ne ya fi tsawo, domin na ja yadin roban nan ya miƙe ya cike giɓin har ya wuce. Na sake farkewa. A makon nan na fi riƙe reza fiye da allura.

Maigidana ya dawo daga kasuwa ya tarar da ni a ƙasa, zare a kaina, zare a bakina. Ya tsallake ƙyallayen a hankali kamar mai tsallake kwata.

"Hajiya, wai me ake ɗinkawa ne?"

"Bargo."

Ya ɗaga kai ya dubi fanka tana juyi iya ƙarfinta, ya share gumin goshinsa.

"Bargo. A Legas."

"Likita ce ta ce in yi don hankalina ya kwanta."

"To, ya kwanta?"

Ranar dai miyarsa ta ɗan ji gishiri.

Bayan wata biyu na samu wani abu mai faɗi da za a iya kira saman bargo, in dai mai kiran yana da kara. Saura abin da ake sawa a tsakiya don ya yi laushi. Baturiyar auduga ta musamman take sawa. Ni kuwa na hau mota zuwa Iyana Ipaja wurin masu yin kujerun kushin, na sayo soso. Mai shagon ya tambaye ni wane kauri nake so, na ce mai kyau, shi kuma ya fahimci mai kauri. A hanyar dawowa kwandastan danfo ya ce soson nan fasinja ne shi ma. Na rungume shi a cinya, gefensa yana shafar kunnen wani bawan Allah tun daga tasha har Agege, yana ta "Madam, abeg," ina ta ba shi haƙuri.

Keken mahaifiyata bai taɓa ganin irin wannan cin mutunci ba. Na tura saman bargo da soso da shafi gaba ɗaya ƙarƙashin allura, na taka. Allura ta ce ƙas. Na sa wata, ita ma ta bi ta. A ta huɗu na zauna na zuba wa keken ido, na ce masa maganganun da ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Daga baya na nemi gafarar Allah, na cire soson, na shanya saman bargon a igiyar tsakar gida don ya sha iska, ni ma in sha.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna suna kallon juna, igiyar shanya kuma ta kowa ce. Maƙwabciyata ta ɗakin da ke fuskantar namu, mai sayar da ƙosai da safe, ta fito da bokitin wanki. Ta tsaya gaban bargon. Ta ajiye bokitin. Ta sa yatsa a kan wani koren leshi da na saka a tsakiya saboda ya fi kowane ƙyalle girma da kyau.

"Anti, ina kika samu wannan?"

"Wurin tela."

"Wane telan?"

Na gaya mata. Ta tafa hannu sau ɗaya.

"Leshina ne na bikin ƙanwata. Ya rantse mini yadin bai isa ba. Da guntun hannu na je bikin nan, Anti, kamar 'yar makaranta. Ashe ga hannun rigata nan a igiya!"

Kafin in ce wani abu ta fizge bargon, ta naɗe shi a hammata ta nufi bakin layi. Na bi ta da takalmi wari da wari ina roƙonta ta yi a hankali, ɗinkin bai da ƙwari. A shagon tela ta baza shi a kan teburinsa. Mutumin ya dubi leshin, ya dube ni da idon da ake duban wanda aka yi wa alheri ya rama da tsiya.

"Oga, wannan fa?" in ji ta.

Ya ce kasuwa cike take da irin leshin. Ta nuna masa ƙunar dutsen guga a gefe, wadda ita da kanta ta yi. Ya ce to, a bayan keke ya faɗi, sai daga baya ya gani. Kan a jima mata sun cika ƙofar shagon, kowacce tana leƙen bargona tana neman nata. Wata ta gano ankon sunan jikanta. Wata ta gano shaddar mijinta. Wata ba ta gano komai ba, amma ta ce tabbas nata na cikin buhun da bai ba ni ba. Ba wadda ta ce da ni sannu da aiki. Wata tsohuwa ce kawai ta karkata kai ta tambaya ko da gangan na yi shi a karkace.

An rabu a kan zai ɗinka wa maƙwabciyata sabuwar riga mai dogon hannu. Ni kuma tun daga ranar in na gaishe shi sai ya ƙara wa kekensa gudu.

Bargon ya dawo gida da shatin yatsu da maiƙon ƙosai, don haka na jiƙa shi a ruwan sabulu na shiga girki. Da na fito ruwan ya koma ja kamar zoɓo. Wata jar atamfa ce mai arha ta zuba. Duk inda fari yake ya zama kalar da ba ta da suna, koren leshin nan kuwa ya koma kamar ganyen da aka manta a tukunya. Na tsuguna gaban baho na yi kuka sosai, kukan da ban yi ba ranar da na bar aiki. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Pele, Anti," wato sannu da Yarabanci, ta koma ciki. Na ji ta tana dariya a can, tana ƙoƙarin mayar da ita tari.

Da ya bushe na cusa shi a buhu na jefa saman kabad. Na mayar da kwanuka kan keke. Wanda duk ya tambaye ni labarin ɗinki sai in ce ido ne ke damuna. Abin da ya fi ci mini rai ba lalacewar ba ce, ganin cewa abin da na raina ne ya kayar da ni a gaban duk layinmu. In 'yata ta kunna bidiyo a kusa da ni na ji muryar baturiya, ko wace ce, sai in tashi in bar wurin.

Ana nan sai Gwaggo ta zo mana kwana uku daga Ebute Metta. Ƙanwar mahaifina ce, ta tsufa sosai, amma idonta ba abin da ke wuce shi. Tana zama ta nuna saman kabad da sandarta.

"Me kika ɓoye a can?"

"Tarkace ne, Gwaggo."

"Sauko da tarkacen."

Na sauko da shi na shimfiɗa. Ta daɗe tana kallo. Ta bi layukan da sanda, inda suka taso daga gabas suka ɓace kafin su kai yamma. Sannan ta fashe da dariya har sai da na miƙo mata ruwa.

"Ke 'yar nan, wallahi bai yi kyau ba."

"Na sani, Gwaggo."

"To tunda kin sani, me ya rage? Ki gama shi mana. Sau nawa kika farke nan wurin?"

"Ban ƙirga ba."

"Ga shi nan duk ya yi laushi kamar tsumma. Miƙo mini rezar."

Na miƙa mata. Ta ƙulle ta a bakin zaninta, ta ce sai ranar tafiyarta zan sake ganinta. Ta sa na yar da zancen soso, na ɗauko wani tsohon zanin gado mai kauri muka sa a tsakiya. Ta ce a bar keken ya huta. Da babbar allura da zare mai kauri muka riƙa huda shafin uku muna ƙullewa, ƙulli nan, ƙulli can, kamar yadda ta ce tsofaffinsu ke yi wa shimfiɗar jarirai. In ta ga na fara cije leɓe sai ta buge mini hannu.

"Ajiye. Je ki dafa mana shayi. Ba da fushi ake riƙe allura ba, sai ki soke kanki."

Haka muka yi kwana ukun. Muna ƙulli tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni da abin da kowannensu ya yi mata. Sau biyu na nuna mata inda kusurwa ta kauce, ta ce in matsar da kujerata baya kaɗan. Na matsar. Ta ce yanzu fa? Na ce ba na gani. Ta ce to, a nan za ki riƙa zama.

Ranar da za ta tafi muka kalmashe gefe. Wani ɓangaren ya fi wani tsawo, amma ya zama abu guda wanda za a iya ɗagawa ba tare da wani yanki ya faɗo ba. Ina tsaye ina kallonsa, ban gama sanin abin da nake ji ba, sai na ga Gwaggo ta ninke shi ta sa a jakarta.

"Ladan aikina," ta ce. "Ƙafafuna na sanyi da damina."

Bayan wasu watanni na je gaishe ta. Na tarar da baƙi, mata biyu 'yan unguwarsu da ban sani ba, ga bargona shimfiɗe a kan doguwar kujera an gyara shi tsaf. Ɗayar tana shafa shi tana cewa ita fa wannan kalar ce take burge ta, ba a samun irinta a kasuwa.

"Ina za ki samu?" in ji Gwaggo, ko kallona ba ta yi ba. "Daga ƙasar waje aka kawo mini. Su can haka suke yi, ba sa son layi ya miƙe."

Matar ta ce don Allah in mai kawowa za ta sake tafiya a gaya mata. Gwaggo ta ce za ta yi mata magana, amma mai kawowar tana da wuyar sha'ani, ga saurin fushi. Na sunkuyar da kai ina shan kunu, kunun ya sarƙe ni.

Da suka tafi na ce, "Gwaggo, ƙarya da girmanki?"

"Daga Ebute Metta zuwa Agege, da irin cunkoson nan, ai ƙasar waje ce. Yaushe za ki fara nata?"

Na fara shi a satin. Ƙarami na yi, na ɗora wa kujera, kuma sai da na jiƙa kowane ƙyalle daban kafin in yanka. Shi ma ya karkace, ta gefen hagu. Na kai wa baƙuwar Gwaggo a haka, ta karɓa da hannu biyu tana godiya, ta tambaye ni yaya hanya, ko jirgi bai wahalar da ni ba.