Gurasar da ta Isa Suwidin da Ɗumi

Abu Basil mai gasa gurasa ne a birnin Irbid. Tanda ta cinye gashin hannuwansa, tsayuwa ta cinye gwiwoyinsa, magana kuwa dama bai taɓa tara ta ba. Ranar da 'yarsa Rawan ta bi mijinta Suwidin, abin da ya ce mata kawai shi ne ta riƙe fasfo da kyau.

Da ta haihu, sai ta kira waya, ta ce masa Yaba, wato Baba, kamar yadda ta saba. "Yaba, ban da zuma, ban da zaitun. Gurasarka mai riɗi nake so, wadda ka gasa da hannunka."

Ya ce, "To." Ya gasa cike da jaka ranar da za su tafi ganin jikarsu.

Matarsa Ummu Basil ta tattaro shawarwarin maƙwabta kaf: rigar sanyi a hannu ko da rani ne, takalmi mai saurin cirewa, magunguna a ƙaramar jaka. Shi nasa shirin ɗaya ne, jakar gurasa a kan cinya.

A Istanbul suka yada zango, jirgi na biyu ya yi jinkiri. Yunwa ta kama shi, ya gutsuri gurasa. Gabansa wata mata ce da yara, sun zuba masa ido. Mutumin Irbid ba ya tauna a gaban mai kallo bai ce bismillah ba.

"Bismillah, 'yar'uwa."

Ummu Basil ta zungure shi. "Abu Basil, tanda ka zo da ita? Ta Rawan ce fa!"

"Guda ɗaya ce, Hajiya."

"Haka ka ce a bikin ɗanmu Basil, muka kwana da shayi."

Ƙanshin riɗi ba ya ɓuya. Wani tsoho ya matso, ya sami bismillah. Wasu samari masu komawa aiki suka sami tasu. Abu Basil yana miƙawa yana jin jakar tana sauƙi a cinyarsa, amma bakinsa ya ƙi koyon rowa. Da ya laluba ya ji saura ɗaya, ya tashi ya juya baya, ya cusa ta cikin rigarsa, ya ja zif ɗin rigar sanyi har wuya.

"Zazzaɓi kake yi?" in ji matarsa.

"Ajiya nake yi."

Haka ya zauna yana zufa har aka kira jirgi. A sama ma bai kwance ba, bai jingina ba, kada ta karye.

Suka sauka cikin iska mai yanka kunne. Rawan tana tsaye da jaririya a ƙirji. Ta rungume uwarta, sannan ta dubi jakar da ta lotse a hannunsa.

"Yaba, ka sake buɗe shago a hanya ko?"

"Tambaye shi," in ji Ummu Basil. "Rabin Istanbul sun ƙoshi."

Abu Basil ya ajiye jakar. Ya zuge zif, ya ciro gurasar, riɗin duk ya manne a singiletinsa. Rawan ta karɓa, ta kai hanci.

"Da ɗuminta," ta ce.

"Ci kafin ta huce. Miƙo min yarinyar."

Yanzu duk maƙwabcin da zai tafi ƙasashen sanyi ya zo neman shawara, Abu Basil ba ya ɗago kai daga kwaɓin fulawa. "Rigar sanyi a hannu," yake cewa. "In akwai zango a hanya, gasa ninki biyu."