Farar Kujerar Shagon Kawu

Autarmu shekarunta sha shida, kuma a duk gidan nan ita kaɗai ke yi wa barkwancina dariya. Sauran sai su ce in je in nemi aiki. Ni ne yayanta. Ni da makaranta mun rabu tuntuni ba tare da kowa ya yi kewar wani ba, don haka ina da lokacin ganin abin da ke faruwa a gida.

In an tashi daga makaranta, Auta takan wuce shagon Kawu, ƙanin Mama, mai sayar da kujeru da gadaje. Aikinta ta cire leda, ta goge, ta mayar da leda. A lungun shagon akwai wata farar kujera mai hannu ruwan zinariya, labule mai kauri a bayanta, fulawar roba a gefe. Ta daɗe ba ta samu mai saye ba, amma ta fi kowace kujera yin baƙi. 'Yan mata sukan shigo kamar masu ciniki, su taya gado, su ce ya yi tsada, sannan su miƙa wa Auta waya.

"'Yar ƙanwata, ɗan ɗauke ni a nan mana."

Kawu ba ya hanawa, wai talla ce ta kyauta.

Auta ta ƙware. Ita ke tura takardar farashi bayan matashi. Ta san inda za ta durƙusa don kada silin da ruwa ya ɓata ya fito. Ita ke cewa a cire takalmi, tunda ba a zama da shi a falon gida. Har wani kofi ta ajiye da ake riƙewa kamar ana shan shayi.

In ta dawo ɗakin da take kwana da Mama, sai ta kwanta a katifa ta buɗe waya, ga hotunan nan suna jiranta. Wata 'yar ajinsu da ake kira Zuma ta rubuta a ƙasan nata: "Hutawa a gida." Jama'a sai yabo suke zubawa.

"Ke, ba ke kika ɗauka ba?" na ce mata. "Kofin nan ko ruwa babu a ciki. Gizo-gizo ma ya kama haya."

"Na sani, Yaya."

"To kumburin na mene ne, kamar an yi wa taya iska?"

"Na sani fa. Amma in na kalla, sai in manta na sani."

A hankali abinci ya fara kwana a kwanonta. Ta juya madubi ya kalli bango. Doguwa, ƙawarta tun firamare, in ta zo sai Auta ta ce a ce tana barci. Na kwaikwayi tafiyar Kawu, wadda da can ke sa ta dariya har da shaƙuwa. Ta kalle ni kamar allo.

Mama ta gaji. "Wai duk a kan kujera ne? Kai, sarkin zaman banza, kai ta shagon ka ɗauke ta hoto a kai ita ma. Ta huta, mu huta."

Aka aro riga a maƙwabta. Auta ta ɗosana a bakin kujerar, hannunta na goge zinariyar da kansa don sabo. Ita ta riƙa ba ni umarni: durƙusa, matsa hagu, silin ya fito. Ta ɗora hoton. Kafin mu isa gida wayar ta fara tsalle. Zuma da kanta ta rubuta: "Gidanku ya haɗu, ƙawata." Kowaccensu ta san gidan ɗaya ne, kuma leda ake rufa masa.

Ranar Auta ta cinye abincinta har ta ƙara. Mama ta ce ashe ina da rana.

Sai dai hoto ɗaya ba ya ƙosar da waya. Ana buƙatar sabo, da sabuwar rigar aro. 'Yan ajinsu da ba su san shagon ba suka fara cewa za su kawo ziyara. Auta ta koma sauka daga mota a layin masu dogayen ƙofofi, ta jira kowa ya wuce, sannan ta tako zuwa namu lungun. Doguwa ta rubuta a ƙasan wani hoto, da zuciya ɗaya: "Ki gaida Kawu." Auta ta goge, ta toshe ta. Doguwa ba ta sake zuwa ba.

Sai wani mai buɗe wurin gyaran gashi ya zo ya sayi kujerar. Kawu har rawa ya taka. 'Yan dako suka fita da ita, ta bar shatinta fes a kan tayil. Auta ta share wurin, ta jingine tsintsiya, ta dawo gida. Tun ranar ba ta koma shago ba, ba ta koma makaranta ba.

Mama ta ƙwace wayar. Auta ta juya ga bango, ba ci ba magana, har Mama ta tsorata ta mayar mata. Kawu ya ce a kai ta asibiti. Mama ta ce, "In ce wa likita me? Kujera?" Amma na ga ta fito da katin asibitin ta ajiye a kan akwati. Yana nan har yanzu, don mai katin ta ƙi fitowa.

Jiya da rana na leƙa. Ta ja labule, hasken waya kaɗai ne a fuskarta. Na ɗauka Zuma take kallo. Ashe hotonta ne na farko, ita da kofi da murmushi.

"Yaya, dube ta," ta ce. "Ita ba ta da wata damuwa."

"Ke ce fa, uwar shirme. Ni na ɗauka, har gwiwata ta yi ƙara."

"Na sani."

"To taso ki raka ni bakin titi, a ga ina da mai kula da ni."

Ta ƙara girman hoton da yatsu biyu.

"In ka fita ka ja min ƙofar."