Albasar da Na Bari Don Iri

Yaya ta zo gidanmu a Talata Mafara da buhu ɗaya da tukunya a ka, a shekarar da mutanen ƙauyukan bayan Maradun suka riƙa barin gidajensu saboda 'yan bindiga. Ba jini ya haɗa mu ba, coci ne. Mijinta ya rasu, ɗiyanta sun watsu, ta kuma girme ni sosai, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ranar da fasto ya tambaya ko akwai mai ɗakin da zai ba ta, na ɗaga hannu tun ban shawarci maigidana ba.

Sai da muka zauna na san wadda na ɗauko. In na share tsakar gida, sai ta bi bayana da tsintsiya. In na dafa miya, sai ta ɗanɗana ta ƙara gishiri ba ta tambaye ni ba. Maƙwabtanmu Musulmi, da muke zaman mutunci da su shekara da shekaru, a bakinta suka ji cewa ba na iya tuƙa tuwo. Duk wannan na haɗiye. Abin da ban taɓa ji daga gare ta ba shi ne "yi haƙuri". Ko ƙafarka ta taka, za ta ce kai ka ajiye ƙafar a hanya.

Ni 'yar wajen Bakura ce. Da zan yi aure, Innata ta ƙulla mini irin albasa a tsumma, wata ja mai daɗewa a ajiye ba ta ruɓe ba. Kowace shekara nakan ware fangali biyu a gonar maigidana da ke shan ruwan madatsar Bakolori, in mayar da manyan albasa ƙasa, in bar su su yi kara su yi fure har kan ya bushe, sannan in sussuke irin. Haka na riƙe shi har bayan rasuwar Inna. 'Yan'uwana duk sun koma sayen na kasuwa, a hannuna kaɗai ya rage.

A ranin nan na tafi Bakura suna, na kwana biyu. Ina dawowa, tun daga ƙofar gida warin albasa ya tare ni. Tabarmi uku ne shimfiɗe a rana, cike da curin gabu, wato ganyen albasa da ake dakawa a busar don miya. Yaya na zaune kusa da turmi, idanunta jawur, tana murmushi.

Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, ina kika samo ganye haka?"

"Fangalin nan biyu da kuka bari suka tsufa. Har fure sun yi babu mai kula. Na ce ba a gabana za a yi wannan asara ba."

A ƙauyensu gero da dawa ake nomawa, albasa sai a kasuwa suke ganinta. Ta ga fure, ta ɗauka sakaci ne. Ta yanke ganye da kara duka, saura kamar mako uku irin ya nuna. Da na yi mata bayani a hankali, sai ta ce ai iri cike yake a kasuwa, kuma laifina ne da ban faɗa mata ba.

Na ajiye jaka na nufi gona da zanen unguwa a jikina. Na tsaya a kan fangalin, na zagaya, na sake zagayawa, ina duba ko kai ɗaya ya tsira. Babu.

Lahadin da ta wuce fasto ya riga ya sanar cewa mai zuwa za a yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. A cocinmu ana ba da mako guda, don duk mai riƙe da wani a zuciya ya je ya gyara kafin ya miƙa hannu. Ran Laraba matar fasto ta zo, don labari ya kai mata. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce akwai wani ɗan ɗaki a bayan coci da aka kwashe kaya daga ciki. In na gaji, za a mayar da Yaya can ran Litinin, kuma babu wanda zai ga laifina. Ta ce in ba ta amsa ran Lahadi bayan an tashi daga coci.

Kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In ɗauki tsintar shinkafa, in ajiye. In fita kamar zan je kasuwa, in tsinci kaina a bakin hanyar ruwa. Na ɗauko littafin rubutuna na ajin yaƙi da jahilci na rubuta "na yafe mata", na zauna ina kallon rubutun, zuciyata ba ta bi hannuna ba. Na tambayi maigidana, ya ce ni na ɗaga hannu, ni zan sauke in na ga dama, shi ba zai sa baki ba. Ni kuwa na shirya gafarata tsaf, har da maganar da zan faɗa da yadda zan kama hannunta. Kalma ɗaya kawai nake jira ta fara fitowa daga bakinta.

Ran Asabar Yaya ta yi miyar kuka da gabun nan, na hana ta cika gishiri. Miyar ta yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Da yara suka tashi, na matsa kusa da ita.

"Yaya, irin nan na Innata ne. Babu sauran shi ko'ina."

Ta daɗe tana kallon kwano. Na ce a raina, ga kalmar nan tafe.

"Ni gonar gaba ɗaya na baro, ƙanwata," ta ce. Sai ta ɗebi miya ta lasa. "Da kin bar ni na ƙara gishiri."

Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Ran Lahadi a benci ɗaya muka zauna, kafaɗarta na gogar tawa. Dattawa suka fara zagayawa da farantin gurasa. Na ƙirga layukan da suka rage kafin namu, na gyara ɗankwali, na sake gyarawa. Na yi tunanin in fita kamar fitsari ya kama ni. Da farantin ya iso, Yaya ta ɗauki nata ba ko ɗar, ta rufe ido, leɓunanta na motsi. Na dubi hannunta, duk ya tsattsage da aikin gidana da ban sa ta ba. Dattijon na tsaye yana jirana. Abin da ya zo mini shi ne, na sha zuwa teburin nan da laifofin da ban ma san na yi ba, balle in roƙi gafararsu, ba a kuwa taɓa ɗauke farantin daga gabana ba. Yesu bai tsaya jiran in fara ba shi haƙuri ba. Na miƙa hannu na ɗauka.

Bayan an tashi matar fasto ta tare ni a bakin ƙofa. Na ce mata a bar ɗakin ga wani mai bukata, Yaya tana nan wurina.

"Ta ba ki haƙuri ke nan?"

"Ba ta ba ni ba, Mama. Ba na jin za ta ba ni."

Ta dube ni, ta ce Allah ya ƙara mini ƙarfi. Na ce amin da gaske, don na san zan bukace shi.

Muka kama hanyar gida cikin rana. Ba mu kai bakin titi ba Yaya ta fara cewa tafiyata ta yi sanyi, kuma muryata ce ta ja waƙar mata baya yau. Na ji abin nan ya sake taso mini a ƙirji, da zafinsa kamar ran farko. Na tsaya na gyara takalmi har ya ɗan kwanta. Ita ta riga ta yi gaba tana ta magana, ba ta ma san na tsaya ba. Na ɗaga ƙafa na cim mata.